Inda Motar Yaya Ta Tsaya

Babanmu direban janwe ne, motar da ke kwaso motocin da suka yi hatsari. Abin da idonsa ya gani a bakin aiki ya hana shi sakewa. In ka ɗauke shi a gidan gaba, ƙafarsa ta dinga taka birkin da babu ke nan har ku isa. Muna yi masa dariya, amma ni tausayi yake ba ni, don abinci ba ya wuce masa sai kowa ya dawo gida.

Da Yaya ta sayi mota ta ce ita za ta riƙa kai ɗanta makaranta, sai Baba ya ɗauke makullin ya jefa aljihu.

"Baba, ina da lasisi fa!"

"Duk waɗanda nake jawowa suna da shi."

Ya kai mu wani titi da ba kowa, ya ja layi da gawayi, ya ba ta makullin. Ya ce ta zo da gudu arba'in, ta taka birki a kan layin. Ta tsaya ba nisa.

"To in tamanin ne, a ina za ki tsaya?"

"Ninki biyu mana."

Ya ciro 'yar kujerar robar jikansa daga but ɗin motar, ya ajiye inda ta nuna. Shi kuwa ya auna ninki huɗu, wai in gudu ya ninka, nisan tsayawa sau huɗu yake zama. Ya tsaya can a gefen titi ya harɗe hannu.

Yaya ta koma baya ta taso da gudu tamanin. Motar ta taho, taya ta yi ƙara, kujerar ta shige ƙarƙashi ta tarwatse. Motar ba ta tsaya ba sai da ta gota Baba. Ƙafar Yaya ta ɗan makara kafin ta kai birki, lissafinsa kuma bai san da wannan ba.

Yaya ta fito, ta kalli ɓaraguzan kujerar, ta miƙa masa makullin.

"Na fasa, Baba."

Bai karɓa ba. Tazarar da ke tsakaninsa da motar yake kallo.

"Riƙe abinki," ya ce a hankali. "Dama tsoron nake so ki samu. Ashe ni ma nawa bai isa ba."