Ibu Hartini, Wadda Ta Ƙirga Idanun 'Yata Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Rajab, ina shanyar ganyen taba da hantsi, maƙwabciyata ta zo ta ce Allah Ya yi wa Ibu Baiq Hartini rasuwa a garin Praya, bayan jinyar kwana huɗu. Zama na yi a ƙasa. Allah Ya yafe mini, ba addu'a ce ta fara fitowa daga bakina ba. Cewa na yi, "To wa zai duba littafin Senim?"

Ibu, ke ba likita ba ce. Aikinki a asibitin ido shi ne rubuta bayanan marasa lafiya. Shekara uku ke nan da na kawo 'yata Senim, tana da shekara biyar, idonta na hagu ya kumbura ya yi fari. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma wannan idon ya riga ya mutu. Takardar da ke gabanki layi ɗaya gare ta, na idon da ke ciwo. Kika ɗauki biro kika raba shafin biyu.

Abokiyar aikinki ta ce, "Hartini, za ki ƙirƙiro mana aiki ke nan?"

Kika ce, "Da ido biyu ta shigo. Ko ke ɗaya kika gani?"

Kin ba ni ƙaramin littafi, shi ma kowane shafi a rabe, dama da hagu. Kika ce kullum in rufe mata ido ɗaya, in rubuta abin da ɗayan ya gani, da ko yana hawaye, da ko yana gudun rana. Na ji tsoro, don sai da na kai shekara talatin da takwas na koyi karatu a ajin mata na masallacinmu. Ba ki taɓa yi wa rubutuna dariya ba.

Amma na yi kuskure. Gaba da gaba nake zama da Senim, sai damanta ya zama haguna. Wata biyu ina rubuta cewa na hagu yana hawaye, yana gudun rana. Wa zai damu da hawayen mataccen ido? Ashe na daman ne, wanda ya rage mata.

Ke kika gano, daga layi ɗaya tak. Ba ki jira ranar zuwanmu ba, kika hau babur kika zo ƙauyenmu cikin ruwan sama. Kika ce, "Inaq Senim," wato maman Senim a yarenmu, "littafinki ya ce makahon ido ya ga kaza a bakin rijiya. Ko dai an yi abin al'ajabi a gidan nan, ko dai kin juya yarinyar." Na fashe da kuka, na ce na makantar da 'yata da hannuna. Kika ce, "Kuka daga baya, ɗauko mayafinki. Da ba ki rubuta kazar nan ba, da me zan gane?"

A makon aka yi mata aiki. Likita ya ce da an ƙara wata guda, da shi ke nan. Daga baya kika ɗora ta a cinyata, bayanta a ƙirjina, kika ce, "Haka za ki riƙa zaunar da ita. Damanki damanta."

Yau Senim tana aji biyu, har tana gyara mini rubutu. Ciwon bai bar mu ba, tsoron ma bai bar ni ba. Alhamis mai zuwa za mu koma awon ido, wata ma'aikaciyar ce za ta karɓi littafin, kuma ban sani ba ko za ta karanta kowane layi kamar ke. Da safen nan na ɗora ta a cinyata na rufe mata na hagu. Na tambaye ta me ta gani. Ta juyo ta ce, "Inaq tana kuka." Na rubuta a ɓangaren dama.

Allah Ya jiƙanki, Ibu Hartini. Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki kamar yadda kika tsare wa 'yata haskenta, Ya ba ki littafinki a hannun dama. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, Lalu Wirajaya, da 'ya'yanki uku, da abokan aikinki. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya sa mu cika da imani. Amin.

Inaq Senim