Inna Altine Ba Ta Ciyar Da Jika A Ɗaki

Tun da na dawo daga karatu nake shakkar maganar da ake yi, wai kowace kaka hutun lakwal, wato makaranta, take jira gida ya cika da jikoki. Inna Altine, mai daudawar batso a wani ƙauye kusa da Matankari, ita ta ƙara mini shakkar.

Shekara goma sha biyu ke nan, ɗan 'yarta ya zo mata hutu, masassara ta kama shi, ya rasu kwana huɗu bayan an mai da shi gida. Dangin ubansa suka ce mayya ce, ita ta kama kurwarsa, tunda daga hannunta yake cin tuwo. Ba wanda ya faɗa a gabanta. Amma damina biyu tana kai daudawa kasuwa tana komowa da abarta.

Daga nan ta kafa wa kanta doka. Ba ta goyon jika, ba ta shiga ɗaki da shi, in kuwa za ta ba shi abinci, sai a tsakar gida, ta fara ci kowa na gani.

Bana ɗanta Mukhtar, ɗan kasuwa a Yamai, ya kawo matarsa Nusaiba da ɗansu Yazid mai shekara biyar, ya koma. Nusaiba ta zo da tsammanin hutawa. Kwana uku tana tura yaron, "Tahi wurin Kaka," Inna Altine tana koro shi da wasa: "Koma, mai gidan da bai iya ko riƙon hauya ba!"

A ranta ba wasa take ba. Me ya sa yarinyar nan take ta turo shi? Gwada ta take yi? Wa ya ba ta labari? Ta ga Nusaiba ta daɗe a bakin rijiya da matan unguwa, ta kuma lura da ruwan leda kawai take ba yaron. Ko addu'ar da take tofa masa da safe, Inna Altine gani take saboda ita ce.

Rana ta tara Yazid ya tashi jiki zafi rau. Da hantsi Nusaiba ta leƙo daga ɗaki.

"Inna, ki taho."

Tsohuwar ta ɗauka ranar da take tsoro ce ta zo. Ta san abin da ake yi wa wadda ake zargi: a kwantar da marar lafiya, a sa ta tsallake shi sau uku don ta sako kurwar. In ta tsallake, ta amsa laifi. In ta ƙi, Mukhtar ba zai sake kawo mata ɗa ba. Ta gyara ɗaurin zanenta ta shiga. Yaron yana kwance a tabarma, daidai tsakiyar ɗaki.

"Ga ni. Mi za ni yi?"

"Ki riƙe mini shi, in nemo mai babur mu tahi likita. Ga kunu nan, ya ƙi sha a hannuna."

"Ni kaɗai? Kira Zalihatu maƙwabciya ta zauna."

"Inna, na ji abin da ake faɗi tun ranar da na zo. Palu ce, zazzaɓin cizon sauro ne. Ki ba shi kunun."

Ta fice, ta bar su su biyu. Inna Altine ta daɗe tana kallon kwanon kafin ta ɗaga kan yaron ta ɗora a cinyarta. Ya sha ludayi uku.

Yazid ya warke, sun koma Yamai, an ce za su dawo baɗi. Da na sami Inna Altine tana shanyar daudawa, na tambaye ta ko yanzu hankalinta ya kwanta da surukarta.

Ta ce, "Yaron ya tashi, ɗana. Da bai tashi ba, ban san mi za ta ce ba."