Hasken da ke cikin ruwan rijiyarmu

Rijiyar gidanmu a Ƙofar Gayan ta girme mahaifina. Kakana ne ya sa aka haƙa ta a filin da ke bayan zaure, don maƙwabta su riƙa ɗiba ba sai sun shiga cikin gida ba. In famfo ya ƙafe, duk layinmu da ita ya dogara. A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka kusa rufe ta, sanadin wata na'ura da ba ta fi rediyon tebur girma ba.

Malamar da ke duba aikina, wadda muke ce wa Dakta, ita ta zo da na'urar daga ƙasar da ta yi karatu. Luminomita ake kiranta. Akwati ne ruwan toka, da murfi a sama inda ake zura 'yar kwalba siririya kamar ɗan yatsa, da gilashi a gaba inda jajayen lambobi ke fitowa. Ranar da Dakta ta fara nuna mini ita, sai da ta kashe fitilar ɗakin ta ja labule, ta ce na'urar ba ta son haske mai yawa.

"Ka san maƙesu?" in ji ta.

Na gyaɗa kai. Muna yara mukan kama su da damina a ciyawar gindin ganuwa, mu rufe a tafin hannu muna leƙen haskensu ta tsakanin yatsu.

Ta ɗauko wata 'yar kwalba daga firji, da farin gari kaɗan a gindinta. Ta ce daga wutsiyar ƙwaron aka samo shi. Duk abin da ke da rai, daga mutum har ƙwayar da ido ba ya gani, yana ɗauke da wani sinadari da yake rayuwa da shi. In sinadarin ya haɗu da wannan gari, sai ya ba da haske. Hasken ya yi ƙanƙantar da ido ba zai kama shi ba. Amma a cikin akwatin akwai duhu sosai, akwai kuma wani abu kamar ido da ke zaune a duhun yana ƙirga hasken.

Ta sa na gwada tataccen ruwan da aka dafa. Lambobin suka ɗan motsa suka tsaya. Sai ta ce in taɓa wani ruwan da kan yatsana, in sake gwadawa. Na rufe murfin, na danna, lambobin suka fara gudu har idona ya kasa bin su. Na daɗe ina kallon yatsan. Na wanke shi da sabulu kafin in shigo, kuma ban ga komai a jikinsa ba. Ni mutum ne marar yawan magana, ranar kuwa ko sallama da ƙyar na iya yi mata. A cikin bas daga Samaru, inda jami'ar take, zuwa birni ina ta kallon hannayen mutane a kan ƙarfen kujera, ina tunanin kowannensu yana ɗauke da wutar da bai san da ita ba.

Aikin da ta ba ni shi ne in auna ruwan rijiyoyin cikin birni, in ga wacce ta fi tara ƙwayoyi. Kwalaben ɗiban ruwa ni nake dafa su da kaina, in naɗe bakinsu, ba na barin kowa ya taɓa. Da safe nakan fara da rijiyarmu, in sa kwalbar a jaka, in ajiye jakar a ƙofar ɗakin kakata, Hajiya, in shiga wurin mahaifiyata shan koko. Daga nan in bi ta Limancin Kona da wasu unguwanni ina sallama a zaure, ina roƙon a bar ni in ɗebi ruwa. Wannan roƙon ya fi mini komai wuya a aikin. Wani dattijo sai da ya tambaye ni ko jami'ar ce ba ta da ruwan sha.

Rijiyoyin mutane suka fito yadda ake zato, wata sama wata ƙasa. Tamu ce ta wuce kowacce, ba kaɗan ba. Na sake ɗebowa, ta sake wucewa. Dakta ta duba lambar ta ce, "Wannan ta wane gida ce? A ce musu su daina sha."

"Ta gidanmu ce, Dakta."

Ta cire tabarau ta dube ni.

Bayan la'asar na sami mahaifina a zaure na faɗa masa, kaina a ƙasa. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, yana girmama abin da aka auna. Ya ce ruwan nan shi ya sha ya girma, amma ba zai shayar da 'ya'yan mutane cuta da hannunsa ba. In na sake aunawa ta fito haka, zai sa kafinta ya buga mata katako. Ban san inda layinmu zai sami ruwa ba, shi ma bai sani ba. Ga shi garin da ke firjin Dakta ya kusa ƙarewa, kuma babu inda ake sayar da shi a nan kusa. Awo na gaba shi ne na ƙarshe.

Ranar awon na ɗebi ruwan da sabon guga, na ajiye jakar inda na saba. Na ɗauki kofin koko ke nan sai na ji ba na iya sha, na fito. Hajiya na zaune a kan tabarmarta, kwalbata a hannunta a buɗe. Leɓunanta na motsi. Ta gama karatunta, ta kawo bakin kwalbar kusa, ta yi tofi a ciki a hankali.

"Hajiya! Me kike yi?"

Ta mayar da murfin ta murɗa shi da kyau. "Abin da nake yi kullum. Kai maigidan nan, ihun me kake mini da sassafe?"

"Kullum?"

"To ba jarrabawarka ce a ciki ba? Tun kana firamare nake yi wa alƙalaminka. Yanzu ka bar alƙalami ka koma kwalba, ni ma na bi kwalba. Sauran ai babu komai a cikinsu, iska zan yi wa addu'a?"

Na tsaya da baki buɗe. Ta ce in rufe shi kada ƙuda ya shiga, miji mai sakin baki ba ya burge ta. Na karɓi kwalbar da hannu biyu na yi godiya. Na koma rijiya da wata dafaffiyar kwalbar, na ɗebi sabon ruwa, na sa ta a aljihun rigata, hannuna a kai har Samaru.

Da na yi wa Dakta bayani, sai ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta ce tata kakar a kan goshi take yi mata. Sannan ta jiƙa sauran garin, ta ɗaga kwalbar ta duba, ta ce zai isa awo biyu in ban zubar da ko ɗigo ba.

Na fara da ruwan aljihuna. Lambobin suka hau kaɗan, suka tsaya a tsakiyar na sauran rijiyoyin, har ƙasa da wasu. Na ja kujera na zauna.

"Saura ta Hajiya," in ji Dakta.

Na zuba ɗigon ƙarshe, na rufe, na danna. Jajayen lambobin suka tashi a guje a cikin ɗakin mai duhu, suna ta hawa. Dakta ta ce yawu ne, yawu cike yake da ƙwayoyi masu rai, ko ɗan feshin da ba a gani ya isa. Na san haka, na karanta. Duk da haka na kasa ɗauke ido daga lambobin. Tsohuwa ce da ba ta taɓa zuwa Samaru ba, ta hura numfashinta a ruwa don jikanta, ga shi wani abu daga jikinta ya haɗu da wutsiyar ƙwaro daga wata ƙasa yana ci kamar fitila a cikin akwati. Na ce Subhanallahi a fili, ni da ba a cika jin muryata a ɗakin ba. Ba mu buɗe labulen ba sai da lambobin suka fara sauka.

Da yamma na faɗa wa mahaifina. Na ce rijiyar ba ta fi sauran ba, ba ta kuma kai a rufe ta ba, amma Dakta ta ce a yi mata murfi, a riƙa ɗiba da guga ɗaya, na jarirai a tafasa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. A bar ta." Da ya ji dalilin lambobin farko, ya rufe baki da hannun riga, don ba ya dariyar mahaifiyarsa a gaban yara.

Hajiya kuwa ta ji komai daga ɗakinta. Ta ɗaga murya ta ce, "Maigida, ni da rijiyar, wa ya fi haske?"

"Ke ce, Hajiya. Nesa ba kusa ba."

"Da ma na sani," in ji ta.

Kafintan ya zo a makon, ya yi murfi mai ƙofa da ake ɗagawa. Matan layin suka yi ta ƙorafin ya yi nauyi.