Kyanwar Iya da balanguna

"Wa ke kawo mata naman da bai gama gasuwa ba?" Likita ce ta tambaya, ni kuwa na sunkuyar da kai.

Matata na da juna biyu, gwaji ya nuna ta kamu da toxoplasmosis, cutar da ka iya taɓa ɗan da ke ciki. Ina jin ana samunta a kashin kyanwa, ban tsaya jin sauran bayani ba. Na faɗa gidan Iya, tsohuwar maƙwabciyarmu a Gwallameji, na zazzage mata rashin kunya kan kyanwarta, wadda ita kaɗai ke taya ta zama, na ce ita ta jawo mana cutar.

Ashe nama mai jini-jini ma yana kawo cutar. Ni kuwa kullum na taso aiki sai na riƙo wa madam balangu, har ina ce wa mai nama, "Bar shi da ruwa-ruwansa."

Yau na shiga ba Iya haƙuri. Ta ce, "Ai na aika da kyanwar ƙauyen Miri, ɗana. Yaya jikin 'yar tawa?"

Kwanon kyanwar na kife a bakin ƙofa.

Jama'a, da wane ido zan sake kallon matar nan?