Katangar Da Na Gina Tsakanina Da Maƙwabtana

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni direba ne a Doha, ina kai 'ya'yan kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, makaranta daga unguwar Nu'aija. Idona ya saba da gidaje masu dogayen katangu, inda mutum zai shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba, har na ɗauka wayewa ke nan. Ana haka yayana ya samo mini gida a Kaduna na saya, cikin tsofaffin gidajen gwamnati da aka sayar wa ma'aikata. Ban taɓa taka unguwar ba. A bidiyon da ya turo mini na ga fenti ya koɗe, awaki na yawo, ga dattawa 'yan fansho a kan benci suna kallon mai wucewa. Nan take na yanke cewa unguwar 'yan sa-ido ce. Na sa aka zagaye gidan da doguwar katanga, har ta toshe 'yar hanyar da tsofaffin ke bi zuwa masallaci. Da matata ta tare a gidan, na kuma gargaɗe ta kada ta shiga gidan kowa, ƙofa ta zauna a kulle.

Sai korona ta zo. Jirage suka daina tashi, ni ma cutar ta kama ni, aka killace ni a gefen Doha, kusa da kasuwar Asian Town. Matata kuwa tana da tsohon ciki, ita kaɗai a gida. Wata rana da hantsi naƙuda ta taso mata kafin lokaci, ta faɗi a tsakar gida, ta kasa kaiwa ƙofa. Wata dattijuwa da ke shanya a bayan katanga ce ta ji nishinta, ta yi kururuwa. 'Yan fanshon nan da na raina suka kafa tsani, ɗayansu, duk da ciwon gwiwarsa, ya tsallaka ya buɗe ƙofar, wani ya tayar da tsohuwar motarsa suka yi asibiti. Ina kwance cikin zazzaɓi aka kira ni cewa ta sauka lafiya, an samu mace. Dattijuwar ce ta yi mata wankan jego har arba'in.

Ban samu zuwa gida ba sai bayan gasar kofin duniya da aka yi a can, don kafil ya ce ba inda za ni sai baƙi sun watse. Ranar da na isa, 'yata ta ƙi ni, ta ruga ta ɓuya a bayan dattijuwar. Na durƙusa gaban dattawan na ba su haƙuri. Mai motar ya yi dariya ya ce, "Haba ɗana, ai inuwar katangarka muke sha da la'asar." Duk da haka washegari na kira magini ya buɗe musu hanyarsu.

Yanzu na koma bakin aikina, hankalina a kwance, ban taɓa nadamar sayen gidan ba. Nadamata ɗaya ce, na yi wa mutane hukunci ban ko gaishe su ba. 'Yan'uwana masu neman halak a ƙasar waje, kafin ku ce unguwa ba ta yi ba, ku nemi sanin mutanen cikinta. Ranar da iyalinku za su buƙaci taimako kuna nesa, su za su fara isowa.