Bayan Takardar Goggo

Na dawo daga karatu da wani rahoto a jaka. Ya ce jariran ƙetaren kogi sun ninka na cikin gari mutuwa, wai don iyaye mata ba sa kai su rigakafi. Lissafin na yarda da shi, dalilin ne ya ƙi kwanta mini. Na san matan ƙetare. Macen da za ta taka ƙasa awa uku don dubiyar mara lafiya, ita ce za ta ƙi kawo ɗanta allura?

Goggona, ƙanwar babana, shekara goma sha ɗaya ke nan tana kai musu allurar. Mai Akwati suke kiranta, saboda shuɗin akwatin sanyin da take ratayawa a kafaɗa. Ranar Laraba na bi ta.

Ƙarfe bakwai muna ƙofar ɗakin ajiyar magani, ta riga ta jera ƙanƙara a akwati. Mai makulli bai iso ba sai tara da rabi, yana tafe yana sakace.

"Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe," in ji Goggo. "Yau ka yi sammako."

"Hajiya, sai shugaban asibiti ya sa hannu fa."

Shugaba kuwa yana taro. Kafin ya fito kwalekwalen safe ya tafi, muka zauna bakin ruwa jiran na azahar, Goggo ta lulluɓe akwatin da mayafinta tana tsaki.

Da muka isa, matan da suka taru tun hantsi sun koma gona. Saura ɗaya a gindin bishiya, da 'yar wata tara a cinya. Tagwaye ta haifa. Namijin ya rasu sati uku da suka wuce, kuma ƙyanda na yawo a ƙauyensu. Wannan ne zuwanta na uku.

Goggo ta buɗe akwati, ta tsoma yatsa. Ƙanƙara ta zama ruwa, ruwan ma ya yi ɗumi; zafi ya lalata maganin. Ta rufe.

"Ki dai yi mata, Goggo," na ce.

"Ka ji masu karatu! In tsira mata ruwan banza, uwar ta tafi tana murna?" Ta juya ga matar. "Ke, ƙanwata, goya ta. Gidana za ki kwana."

"Maigidana bai sani ba."

"Mai kwalekwale zai faɗa masa. Bakinsa ai ya fi rediyo."

Washegari da safe aka yi wa yarinyar allura a gari. Ta callara kuka, uwar na dariya tana share ido da gefen zane.

Sai Goggo ta zauna cike takardar aikin jiya. Na leƙa. Wurin rubuta dalilin rashin yin allura gida biyu ne kacal: uwa ta ƙi, ko uwa ba ta zo ba. Nan na gane inda rahotona ya samo dalilinsa.

"To wanne kike cikewa, Goggo?"

"Ko ɗaya. A bayan takarda nake rubuta cewa ƙanƙara ta narke, su kuma a ofis su zaɓa mini wanda suka ga dama. Shekara goma sha ɗaya, ɗana, ba wanda ya taɓa juya ta."