Shingen Kaka Torval

Ranar da muka binne kakana, Torval Rustad, fasto ya tsaya a gaban cocinmu na Lutheran ya ce mutumin nan bai taɓa riƙe kowa a zuciya ba. Jama'a suka gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, don a Dakota ta Arewa, can Amurka, ba a ƙaryata fasto kafin a sha gahawa.

Shekara casa'in da shida ya yi a duniya. Manomin alkama ne, ɗan manomin da ya tsallako teku daga Norway da akwatin katako ɗaya. Bai taɓa fashin ibadar Lahadi ba. Addu'ar cin abinci da yaren kakanni yake yin ta, mu jikoki muna bin sa kamar aku. In dusar ƙanƙara ta toshe hanya, shi ne da tarakta a ƙofar tsofaffin da ba su da kowa, in ka yi masa godiya ya dubi takalminsa ya ce, "Ai ba wani abu." Yabo mafi girma a bakinsa shi ne "Ba laifi." Kakata ta rantse abin da ya ce ke nan da ya gan ta cikin kayan amarci.

Duk wannan gaskiya ne. Abin da fasto bai faɗa ba shi ne zancen Einar.

Einar ƙanen kakana ne. Ya dawo daga babban yaƙin duniya da ƙafafunsa biyu amma ba da barcinsa ba, wata safiya aka same shi rataye a rumfar shanu. Shugaban dattawan coci a lokacin, Halvor Moen, ya ce wanda ya kashe kansa ba zai kwanta da masu bi ba. A haƙa masa a bayan shingen maƙabarta, ta arewa, inda ciyawar daji take. Ƙasa ta daskare, sai da aka hura wuta a kanta kafin diga ta shiga. Kaka ne ya haƙa ramin, shi kaɗai. Da aka dawo cin abincin jana'iza a ɗakin ƙasan coci, ya ɗauki buta ya zuba wa Halvor gahawa da hannunsa, har ya tambaye shi ko a ƙara sukari.

Da ƙanƙara ta narke ya nemi a ba shi aikin kula da maƙabarta, kyauta. Dattawa suka ce kai, yaron nan akwai haƙuri.

A ƙasarmu sanyin hunturu kan tunkuɗo turakun shinge daga ƙasa, kowace bazara sai an sake kafa su. Kaka yakan cire turke, ya haƙa sabon rami a jikin tsohon, faɗin tafin hannu zuwa arewa. Shingen arewa ya matsa waje, na kudu ya biyo shi ciki, wayar shingen ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Maƙabartar ce gaba ɗaya take rarrafe. A jikin shingen kudu kuwa, daura da ƙofa, wurin manya, nan gidan Moen suka keɓe wa kansu makwanci.

Kada a ɗauka ba a gani ba. Mutanenmu suna ganin komai, faɗa ne ba sa yi. Mu ne masu raba yankan kek na ƙarshe biyu, a sake raba rabin, don kada a ce wani ya cinye. Wa zai tashi a taron coci ya ce Torval Rustad yana satar maƙabarta? In hira ta biyo ta nan sai a ce, "Sanyin bana ya motsa ƙasa," a kurɓi gahawa.

Halvor kansa ya gani. Kowace Lahadi suna gaisawa a bakin ƙofa.

"Shinge ya sha gyara, Torval."

"Ba laifi, Halvor. Ina fatan jikin da sauƙi?"

Na daɗe ina tunanin wannan tambaya. Ba na jin lafiyarsa yake nema. Awo yake yi, ya ga wa zai riga isa, waya ko mutuwa.

Mutuwa ta riga. Aka binne Halvor a cikin shinge, wayar tana shafar ƙafafun kabarin. Kaka yana cikin masu ɗaukar akwatin. Shekaru kaɗan bayan haka shingen arewa ya tsallake dutsen kabarin Einar, Einar ya shigo cikin masu bi ba tare da iznin kowa ba. Da ƙaunar ɗan'uwa ce kaɗai, ai da nan aikin ya ƙare. Bai ƙare ba.

Lokacin da aurena ya mutu na baro birni na dawo gona, gwiwoyinsa sun riga sun ƙi. Ni nake haƙa, shi yana zaune a bayan mota yana nuni da sanda.

"Nan, Runa."

"Tsoho, ga tsohon rami nan lafiyarsa lau."

"Ke da aka kai makaranta don ki iya musu. Nan na ce."

"Einar ya shigo tun ina 'yar firamare. Me kuma kake bi?"

Ya daɗe yana kallon gonar alkama. "Ya kwana a waje shekara arba'in da wani abu," ya ce. "Iska tana da sanyi a wajen. Ya kamata wani ya ji."

Ranar Lahadi kuma ya durƙusa ya karɓi jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin coci, fuskarsa fes kamar ta jariri. Ban yarda munafunci ba ne. Ina jin ya yafe wa duniya duka don ya tara ƙarfin ƙin yafe wa mutum ɗaya.

Ya rasu wayar tana gicciye a wuyan Halvor, gangar jiki a waje, dutsen kai a ciki. Bazara ɗaya ta rage masa.

A wajen cin abincin jana'iza Gudrun Moen ta tare ni a bakin madafa. 'Yar Halvor ce, ta haura tamanin, ita ke mulkin tukwanen coci tun kafin a haife ni. Ta miƙo mini kwano cike da lefse, wainarmu ta dankali.

"Karɓi, 'yar nan. Kin rame kamar turke."

"Haba Inna, ai na ƙoshi."

"Karɓi dai, ba guba a ciki. Ko da yake na yi tunanin haka." Ta goge hannu a rigar girki. "An ce ke kika gaji dagin haƙa."

"Ba wanda ya nema sai ni."

"Mahaifiyata tana kwance a gefen mahaifina. Ni ma wurina yana nan. Ina shekara tara ranar da aka fitar da Einar, ba a shawarce ni ba." Muryarta ba ta tashi ba. "Kakanki ya share mini ƙofa kowane hunturu, ni kuma ina aika masa miya, muna gode wa juna kamar mutanen kirki. Na gaji, Runa. Ki bar mu mu kwanta a ciki."

A tsawon rayuwata ban taɓa jin wani ya faɗi zancen da baki ba. Sai na ji kunya kamar ta tuɓe a gabana.

"Mahaifinki ya taɓa cewa ya yi kuskure?"

"Moen ba ya kuskure," ta ce. "Haka yake faɗa."

Duk hunturu kwanon yana kan teburina. Na so in ji tausayi ya rinjaye ni, na jira shi. Amma duk sanda na wuce rumfar shanu sai in ga Kaka yana saurayi, shi kaɗai, yana hura wuta a kan daskararriyar ƙasa, dattawa suna leƙe ta taga, hannuwansu a aljihu.

Da ƙasa ta yi laushi na ɗauki dagi. Shingen arewa ban taɓa shi ba. Na kudu na mayar da shi baya, ya rungumi kabarin matar Halvor da filin da ke jiran Gudrun. Sai na sayo sababbin turaku da ƙarin waya, na lanƙwasa shingen ya shigo ciki, ya zagaye dutsen Halvor ta baya, ya koma layinsa. Daga hanya sai ka ce giɓi a bakin tsoho. Halvor Moen yana cikin giɓin, shi kaɗai, a waje, ciyawar daji ta fara leƙo shi.

Ranar Lahadi jama'a suka wuce ta ƙofar maƙabarta kowa yana duban sama. Wani dattijo ya ce sanyin bana ya motsa ƙasa ƙwarai.

Na mayar wa Gudrun kwanonta cike da soyayyen nama, don a wajenmu ba a mayar da kwano fanko. Ta karɓa, ta buɗe murfin, ta juye naman a gaban karenta. Sannan ta dubi shingen daga nesa, ta daɗe tana dubansa.

"Turken kusurwa bai zauna ba," ta ce. "Ki ƙara masa zurfi, kada sanyi ya tuge shi."

Washegari na koma na ƙara.